Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Makarantun Islamiyya Da Na Boko Masu Zaman Kansu: Malami Ma Yana Da Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu kuma malamanmu, masu makarantu da shugabanninsu da 'yan kwamitocin da ke tafiyar da su, Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan al'umma. Mai rubuto muku wannan wasiƙa 'yarku ce, malama da ta shafe shekara goma sha huɗu tana riƙe da alli, da safe a wata firamare mai zaman kanta, da yamma kuma a Islamiyyar unguwa. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, domin abin da zan faɗa bai keɓanci makaranta guda ba, kuma waɗanda nake aiki a ƙarƙashinsu mutanen kirki ne da ba na son a nuna su da yatsa. Na zaɓi in yi maganar a fili ne saboda mun daɗe muna yin ta a ɗakin malamai cikin raɗa, da zarar shugaba ya shigo kuma sai kowa ya yi tsit.

Ku ba ni dama in fara da lissafin mako, domin a nan matsalar take kwance, kuma na lura da yawanku ba ku taɓa zama kun lissafa ba. Makarantar boko tana aiki daga Litinin zuwa Juma'a, ta huta Asabar da Lahadi. Islamiyya, bisa al'adar da muka gada daga makarantar allo, tana aiki daga Asabar zuwa Laraba, ta huta Alhamis da Juma'a. Kowace a cikinsu ta ba malaminta hutun kwana biyu, saboda haka kowane mai makaranta yana ganin ya sauke nauyi. Amma malamin da yake koyarwa a duka biyun, kuma mu ne mafi yawa a unguwannin da na sani, ba shi da yini ɗaya cikakke a cikin kwana bakwai. Ranar da boko ta sake shi, ranar ce Islamiyya take buƙatarsa safe da yamma saboda hadda da tilawa. Ranar da Islamiyya ta sake shi, yana gaban aji a boko tun ƙarfe bakwai da rabi. Abin da ya rage masa shi ne yammacin Alhamis da na Juma'a, su ma sau da yawa taron malamai ko bitar masu shirin musabaƙa ko na 'yan sauka yakan cinye su.

Ni kaina ina tashi kafin kiran assalatu, in ɗora abin kari da na rana a lokaci guda, in shirya yara, in fita neman A Daidaita Sahu, domin idan na wuce lokaci da minti biyar zan tarar an ja jan layi a littafin sa hannu, kuma kowa ya san ma'anar jan layin a ƙarshen wata. Ina dawowa gida wajen ƙarfe biyu da rabi, in yi Azahar, in ci abinci a tsaye, ana idar da La'asar in saɓi hijabi in nufi Islamiyya, sai dab da Magariba in shigo. Bayan Isha'i kuma ga littattafan yara hamsin da wani abu suna jiran maki, ga tsara darasin gobe, ga saƙonnin iyaye a WhatsApp waɗanda ba su san dare ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malamin firamare ɗaya ya riƙe yara 35. Ban tuna shekarar da na ga aji mai wannan adadin ba.

Kada ku ɗauka na gaji da koyarwa. Wallahi da za a mayar da ni ranar da na gama makaranta a ce in sake zaɓe, koyarwar zan sake ɗauka. Akwai wani daɗi a cikin aikin nan da ban san inda ake sayar da shi ba. Na taɓa koyar da wata dattijuwa a ajin matan aure, wadda ta haifi kamata, ta zo ba ta iya bambance "ha" da "kha" ba, muka yi ta fama wata da watanni, har ranar da ta karanta Fatiha daga farko zuwa ƙarshe ba gyara ko ɗaya, ta rufe fuska da mayafi tana kuka, tana cewa shekara arba'in tana salla sai yau ta ji ta tsaya gaban Ubangijinta da abin da ya dace. Na ga yaron da na riƙe wa hannu yana rubuta baƙaƙe ya girma har ya ja mutane Tarawihi a masallacin layinmu, ina daga sahun mata ina jin inda yake tsayawa da inda yake ja, ina gane gyare-gyaren da na yi masa da bakina. Idan na tuna hadisin da Sayyidina Usman ya ruwaito cewa mafi alherinmu shi ne wanda ya koyi Alƙur'ani kuma ya koyar da shi, sai in ji nauyin yinin ya ragu. Wannan ne yake riƙe da mu, ku ma kun sani, kuma a nan ne nake son mu yi magana ta gaskiya da ku, domin sanin da kuka yi cewa imani ne yake riƙe da mu ya sa wasunku sun daina neman wani abin da zai taya shi riƙon.

Duk lokacin da malami ya buɗe baki ya yi maganar albashi ko hutu, amsar da take jiransa a shirye take: "Malam, ai aikin Allah ne," ko kuma "ladanku yana wurin Allah." Maganar gaskiya ce, ba mai musunta ta. Sai dai ta fi kyau a bakin wanda ya yi aikin ya yafe haƙƙinsa da ransa, fiye da a bakin wanda haƙƙin yake wuyansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi magana da masu ɗaukar ma'aikata, cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kuma a cikin Sahihul Bukhari ya ce mafi cancantar abin da za a karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. Mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta ba ta ga laifin biyan mai koyar da Alƙur'ani ba. Hukuncin yana nan a cikin Risala, littafin fiƙihun nan da kuke karantar da mu. Tun a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman yara, ya yi maganar ladansu da ranakun da ake sallamar ɗalibai. Kakanninmu ma ba su bar malamin allo haka kawai ba: akwai kuɗin Laraba, akwai hatsin da ake kai masa da kaka, akwai ragon sauka, ga gonarsa da almajirai suke taya shi nomawa. Ba su taɓa ganin wannan ya rage masa lada a Lahira ba.

Amma kuɗi rabin maganar ce kawai, kuma ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani dare da na zauna in saurari haddar ɗana na biyu, sai na tarar yana nan a surar da na bar shi tun kafin hutun ƙaramar Salla, yana karantawa yana sarƙewa a wuraren da ba na yarda ɗan wani ya sarƙe a ajina. Na ɗaga murya zan yi faɗa, sai ya ce da ni, cikin ladabi kuwa, "Umma, ai kullum na kawo sai ki ce in bari ki gama makin." Ban samu abin cewa ba. Na yi shekaru ina gyara karatun 'ya'yan mutane, nawa yana zubewa a tsakar gidana. Na kuma duba kaina na ga cewa ni da nake koya wa yara falalar tsayuwar dare, Isha'i ma a gurguje nake yin ta, idona yana rufewa a tahiya. Rabon da in zauna gaban malami in ɗauki karatu don kaina har na manta. Mahaifiyata tana unguwar da ba ta fi tafiyar rabin awa ba, amma sai in yi wata biyu ban je na gaishe ta ba, sai dai ta waya. Bikin dangi da gaisuwar mutuwa kuwa, 'yan'uwa sun gaji da jin uzuri har sun daina gayyata. Sai na tambayi kaina, wane irin aikin Allah ne wannan da yake cinye sauran haƙƙoƙin da Allahn da kansa ya ɗora mini?

Kun fi ni sanin ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, amma ku yi haƙuri in maimaita ta, domin mun saba karantar da ita a matsayin gargaɗi ga mai wuce gona da iri a nafila, ba mu cika kawo ta kan aikinmu ba. Salman ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa Ummud Darda'i ba ta kula da kanta, ya tambaye ta dalili, ta ce ɗan'uwanka ba shi da wata buƙata a duniya. Da aka kawo abinci Abud Darda'i ya ce yana azumi, Salman ya ce ba zai ci ba sai ya ci. Da dare ya yi ya tashi zai yi salla, Salman ya ce ya kwanta. Ya sake tashi, ya sake ce masa ya kwanta. Sai a ƙarshen dare ya ce yanzu tashi, suka yi salla tare. Sannan ya gaya masa cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya kai ga Annabi sai ya ce Salman ya yi gaskiya. Abin lura shi ne, abin da ya shagaltar da Abud Darda'i daga iyalinsa azumi ne da salla, ba kasuwa ba, amma duk da haka aka ce ya rage. To, idan nafilar salla ba ta zama uzurin tauye iyali ba, ban ga yadda jadawalin makaranta zai zama ba. Haka kuma da Annabi ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Nana Zainab ce, idan ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe, cewa ya yi a kwance ta, kowa ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, idan ya gaji ya zauna. Da yawa daga cikin malamanku a yau da irin wannan igiyar suke tsaye a aji, wani da maganin ciwon kai a jaka, wani da shayi mai kauri, kuma yaran suna gani a fuskarsu. Malamin da ya gaji shi ne mai saurin ɗaga bulala, shi ne mai cewa "ku yi ta maimaitawa" ya kifa kai a kan tebur.

Tarihinmu na nan gida ma bai bar mu a duhu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimi ya kai ga matan ƙauyuka, ba ta ce kowace mace ta bar gidanta ta taho ba. Jajis ɗin da ta naɗa, ta ba su malfa, dattawan mata ne waɗanda suka rage ɗawainiyar goyo, su ne suke tahowa tare da 'yan mata ƙanana, su ɗauki karatu su koma su isar da shi ga matan da raino da hidimar gida suka riƙe. Ta gina tsarin ne a kan yadda rayuwar mata take a zahiri, shi ya sa ya rayu bayanta shekaru masu yawa. Mu kuwa yau muna tsara jadawali kamar malamar da za ta bi shi ba ta da miji, ba ta da jariri, ba ta da uwa.

Ba na jahiltar halin da kuke ciki. Na san akwai iyayen da suke shekara ba su biya kuɗin wata ba, kuma ba ku iya korar yaro daga karatun Alƙur'ani saboda talaucin ubansa. Na san kuɗin haya, da na wuta da ruwa, da masu karɓar haraji iri-iri da suke sallama a ƙofarku. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, ku ma bai bar ku ba. Na kuma san cewa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka yawancin ƙananan makarantu doka ba za ta kama su ba. Gyaran da gwamnatin tarayya ta yi a 2022, wanda ya kai shekarun ritayar malami zuwa 65 ko shekara 40 ta aiki, shi ma maganar malaman gwamnati ce. Mu ba mu da fansho balle mu yi lissafin ranar ajiye aiki. Wato dai babu wata hukuma da take tsaye a tsakaninmu da ku, sai tsoron Allah da kuke da shi. Shi ya sa na kawo kukan gare ku kai tsaye, kuma shi ya sa mafi yawan abin da zan roƙa ba ya buƙatar ko sisi.

Babban roƙona shi ne yini ɗaya cikakke a mako ga duk malamin da yake haɗa boko da Islamiyya. Ba sai an rufe makaranta ba. A raba malamai gida biyu, wasu su huta Asabar, wasu Lahadi, manyan ɗalibai da suka yi nisa su taimaka da sauraren tilawar ƙanana kamar yadda gardawa suke yi a tsangaya tun fil azal. Masu makarantun da suke unguwa ɗaya kuma, mene ne zai hana ku zauna a farkon zango ku duba kalandar juna, don kada jarrabawar boko da ta Islamiyya su faɗo a mako guda, malami ya kwana uku yana maki da fitilar waya? Sannan a sanar da iyaye a fili, daga bakin shugaba ba daga bakin malama ba, cewa bayan Isha'i ba a neman malami sai da larura ta gaske. Allah ya ce ya sanya dare sutura, ya sanya barci hutu, ya sanya yini lokacin neman abinci; ba mu da hurumin sauya wannan tsari saboda an ƙirƙiro wayar hannu.

Maganar haihuwa kuwa, ku gafarce ni, sai na ɗan tsaya a kanta, domin mafi yawan masu yanke hukunci a kwamitoci maza ne, kuma akwai abin da ba a gaya musu saboda kunya. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba mace mai aiki hutun mako 12 na haihuwa, da aƙalla rabin albashinta idan ta kai wata shida tana aikin. Na ga malamar da ta dawo aji kafin ta yi arba'in, ba don an tilasta mata da baki ba, sai don ta san idan ta ƙara mako biyu za ta tarar an ba wata ajinta. Tana koyarwa, hankalinta yana kan jaririn da ta bari wurin maƙwabta. Na ga wadda mijinta ya rasu, tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, hukuncin da mu muke koya wa ɗalibai, amma babu wanda ya gaya mata ko aikinta yana jiranta. Irin waɗannan abubuwa a rubuta su a takarda tun ranar ɗaukar aiki: nawa ne albashi, wace rana ake biya, kwana nawa ne hutun jinya da na haihuwa da na rasuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Bai kamata a ce makarantar da take haddatar da wannan aya tana ɗaukar ma'aikaci da "za mu ga abin da Allah zai hore" ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa jin an kawo a taro ba, wato karatun malamin kansa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamar da ta yi shekara goma tana bayarwa ba ta ɗauka, ilminta yakan tsaya, zuciyarta ma takan bushe, har darasin tauhidi ya koma mata kamar kiran rajista. Ku ware mana zama ɗaya a wata, a cikin lokacin aiki ba a cikin ɗan hutun da ya rage mana ba, ku gayyato malami ya karantar da mu tajwidi ko fiƙihu ko sira, mu zauna a matsayin ɗalibai. A ganina wannan zai gyara aji fiye da duk wani faɗan da ake yi mana a taron safe.

Game da albashi, ba zan ce ku ba da abin da ba ku da shi ba. Sai dai na lura cewa idan za a yi walimar sauka ana samun kuɗin rumfa da kujeru da anko da kalanda mai hotunan manyan baƙi, kuma attajiran unguwa suna saurin ba da siminti da kwano idan aka ce za a ƙara aji, domin gini abu ne da ido yake gani. Ku ne suke jin maganarku. Ku gaya musu cewa albashin mai koyar da yara shi ma sadaka mai gudana ce, kuma wakafin shago ɗaya da za a riƙa biyan malamai da hayarsa ya fi wa makaranta amfani a kan sabon bene da ba a samu wanda zai tsaya a cikinsa ba. A cikin shekaru ukun nan abokan aikina huɗu sun tafi, biyu sun buɗe rumfar POS, ɗaya yana jan A Daidaita Sahu, ɗaya ta koma sayar da atamfa ta waya. Wanda yake jan Sahun shi ne mafi kyawun ƙira'a a cikinmu, kuma ranar da ya ɗauko ni a hanya ya ƙi karɓar kuɗina, ya tambaye ni labarin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da inda kowa ya tsaya a hadda.

Ni dai na riga na yi nawa gyaran gwargwadon iko. Na ajiye ajin safiyar Lahadi, duk da ɗan abin da yake kawo mini, na mayar da safiyar ta yarana da mahaifiyata. Na daina shigowa da littattafan maki ɗakin kwana. Ɗana ya wuce surar nan, yanzu yana izu na gaba, ni kuma na koma ɗaukar karatu wurin wata malama a bayan layinmu duk yammacin Alhamis. Amma na iya yin haka ne saboda maigidana yana da sana'arsa. Abokin aikina mai 'ya'ya shida wanda albashin nan biyu ne abincin gidansa ba zai iya ajiye ko awa ɗaya ba, sai idan ku ne kuka sauƙaƙa masa.

Ina roƙon ku sanya wannan magana a cikin abubuwan da za ku tattauna a taronku na kafin komawa sabon zango, ku kuma kira malamai biyu ko uku, mace da namiji, su zauna a ciki, a ba su amana su faɗi yadda makonsu yake ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. Idan na yi kuskure a lafazi ko na wuce iyaka a gaban manya, ina neman afuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yarku,
Malamar aji uku da ajin hadda,
Kano.